Allurar Sin bayan cire mahaifa: kwana goma a gefen gadon Yaya

Wadda wannan bayani na allurar gargajiyar Sin (akufanca) ya shafa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yarda in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunanta ko na asibitin. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa, amma a wannan karon ba da farar riga na shiga ba, tabarma na shimfiɗa a ƙasan gado kamar kowace mai jinya. Sai dai hali zanen dutse. Na riƙe ƙaramin littafi ina rubuta lokacin kowace allura, da kowane amai, da zafin jiki, da yadda ta ce ciwon yake. Daga wannan littafin na kwaso abin da ke biye.

Asalin ciwon

Shekarunta 44, 'ya'ya huɗu, tana sayar da atamfa da turaren wuta a gida. Kimanin shekara biyu kafin aikin jinin al'adarta ya canja: daga kwana biyar ya koma tara, wani lokaci goma sha ɗaya, da guda-guda, da ciwon mara mai sa ta kwana a durƙushe. Ba ta je asibiti ba. Takan aika yaro ya sayo mata dikilofenak, ta sha biyu da safe biyu da dare, sau da yawa ba komai a cikinta. Bayan wata takwas a haka ta fara bayan gida baƙi kamar kwalta, aka kwantar da ita aka ce gyambon ciki ne ya yi jini. Tun ranar aka raba ta da dikilofenak da duk danginsa. A riƙe wannan, domin shi ya ɗaure wa likitoci hannu daga baya.

Da aka ɗauki hoton ciki sai aka ga ƙari a mahaifa har guda biyar, irin wanda ba daji ba. Babban ya kai santimita 11, mahaifar kuma ta taso kamar ta mai cikin wata biyar, har maƙwabta sun fara yi mata barka. Awon jini ya nuna 7.6, alhali bai kamata mace ta gaza 12 ba. Aka gwada ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rage zuba na wata huɗu, ana zubawa ta sama yana tsiyayewa ta ƙasa. Tunda ta gama haihuwa, likita ya ba da shawarar a cire mahaifar gaba ɗaya. Ta yi istihara, ta yi kuka, ta sa hannu.

Kafin a shiga ɗakin tiyata

An kwantar da ita ranar Asabar cikin hunturu, a wani asibitin gwamnati a Jamhuriyar Nijar inda tawagar likitocin ƙasar Sin ke aiki tare da likitocin ƙasa. Wannan ba baƙon abu ba ne a can. Sin ta fara tura likitoci Afirka a 1963, da Aljeriya ta fara, Nijar kuma ta fara karɓar nata a 1976, kuma a cikin irin wannan tawaga akan samu mai yin allurar gargajiyarsu, wadda Turawa ke kira akufanca. A lokacin ba mu ma san akwai wannan sashe a asibitin ba.

Aka ƙara mata jini leda biyu, awon ya hau 9.8. Mai ba da maganin barci ya zo da yammacin Litinin ya yi mata tambayoyi. Da ya ji ba ta taɓa shiga motar haya ta yi tafiyar awa guda ba tare da leda a hannu ba, sai ya ɗaga kai ya dube ni. Mu duka mun san lissafin. Abu huɗu ne ake dubawa don hasashen amai bayan tiyata, tun wani bincike na Christian Apfel a 1999: kasancewa mace, rashin shan taba, yawan amai a mota ko a wata tiyatar baya, da samun magani mai ƙarfi dangin mofin bayan aiki. Wadda ta haɗa huɗun, kusan kashi 80 cikin 100 za ta yi amai. Yaya ta haɗa uku tun daga gida, na huɗun kuma ba makawa, tunda an rufe ƙofar dikilofenak.

A daren na koya mata yadda za ta riƙa gaya mini ƙarfin ciwo. A asibiti daga 0 zuwa 10 ake aunawa. Na ce ta ɗauki yatsun hannunta goma: babu ko ɗaya, lafiya lau, goma cif, naƙudar ɗanta na fari. Ta ce, "Auta, ke dai ba kya rabo da boko." Amma ta riƙe.

Talata: ranar aiki

An shiga da ita ƙarfe 9:20 na safe, aka fito da ita 11:35. Allurar baya aka yi mata, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, aka yanka a kwance a ƙasan mara, tsawon kimanin santimita 14. Aiki ya yi kyau, jinin da ta zubar bai kai a ƙara mata ba.

Zuwa ƙarfe 2 ƙafafu sun fara motsi, ciwon ya iso tare da su. Ta ɗaga yatsu takwas. Tsarin da aka rubuta shi ne farasitamol giram 1 ta jijiya duk awa shida, da tiramadol miligiram 100 duk awa takwas. Tiramadol ɗin ya shiga 2:30. Kafin 3 ta yi amai na farko.

Wanda bai taɓa ganin mai sabon ɗinki a ciki tana amai ba, ba zai gane ba. Aman kansa ba komai ba ne, ɗan ruwa ne kore mai ɗaci, tunda ciki wayam yake. Yunƙurin ne bala'i. Naman ciki duka sai ya murɗe lokaci guda, ya ja wurin da aka yanka awa uku da suka wuce. Nakan naɗe zane in danna mata a kan bandejin da hannu biyu, ita kuma ta damƙe ƙarfen gado, idan ya lafa ta yi minti goma ba ta iya magana. Sau biyar ta yi kafin asuba. An yi mata allurar hana amai sau biyu, ta farko kamar an zuba ruwa a rariya, ta biyu, ondansetiron, ta ba ta hutun awa uku.

Laraba: rana ta 1

Da safe ta ga nas ta nufo ta da sirinji sai ta janye hannu. Ta ce in tiramadol ne ta yafe, gara ciwon. Aka canja zuwa wani maganin ciwo, nefofam, a cikin ledar ruwa. Ciwon ya sauko daga takwas zuwa shida, amma gumi ya jiƙe mata riga sharkaf, bugun zuciya ya hau 118 a minti, tashin zuciyar kuma yana nan daram. Aka tsayar da shi bayan leda ta biyu.

Ƙa'ida ita ce mai irin wannan aiki ta tashi zaune, ta ɗan taka, tun a rana ta farko. Tafiyar ce ke tayar da hanji daga barcin da yake shiga bayan an taɓa shi, ita ce kuma ke hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, ta buɗe huhu. Yaya ta ƙi ko juyawa. Ta kwanta sandararriya, tana numfashi sama-sama don kada ciki ya motsa. Zuwa la'asar cikin ya kumbura, in an ƙwanƙwasa yana amsawa kamar ganga, iska ba ta fita ba ko sau ɗaya. Sai ciwon ya zama iri biyu: zafin yanka a ƙasa, da murɗar iska a sama.

Gwaggonmu ta zo dubiya da kwanon kunun kanwa, ta ce abin da ya shafi mahaifa ai jego ne, a dafa ruwa a gasa mata ciki. Da ƙyar na lallashe ta ta mayar da kwanon, ta tafi tana cewa 'yan boko sun fi iyayensu sani. Rubutun da Malam, mijin Yaya, ya kawo kuwa, na shafa mata a fuska da hannu tunda an hana ta shan komai.

Ƙarfe 10 na dare likitan da ke aiki ya sa aka yi mata mofin miligiram 5 a ƙarƙashin fata. Ta yi barcin awa huɗu, na farko tun Litinin. Ta farka da amai. Jimillar ranar: amai shida, ciwo tsakanin shida da takwas, ba tashi, ba iska.

Alhamis: rana ta 2, allura ta farko

A zagayen safe likitan da ya yi aikin ya duba takardu ya ce duk abin da ke kashe mata ciwo yana tayar mata da zuciya, abin da ba ya tayarwa kuma gyambo ya haramta mata. Ya ce zai roƙi likitar Sin ta leƙo.

Malam ne ya fara tirjewa. Tambayarsa uku, kuma duk masu kyau ne. Wane magani ne a cikin allurar? Wa aka soka wa ita kafin matarsa? Kuma ina za a buɗe a jikinta? Ta bakin tafinta aka amsa masa: allurar ba ta da rami, ba a ɗura komai da ita, kowace tana cikin takardarta a liƙe, sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, kuma hannu ne da ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa, likitar ma mace ce. Ya ɗan yi shiru ya ce, "To ai wannan wanzanci ne, sai dai ba ƙaho." Ya ce bismilla.

Likitar ta zo 10:40, mace ce mai kimanin shekara hamsin, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "zafi?" ba. Kafin ta taɓa komai sai da ta karanta awon jini, ta tambayi ƙarfe nawa aka yi allurar hana daskarewar jini, ta tambaya ko akwai na'urar bugun zuciya a ƙirjin majinyaciya, tunda za ta sa lantarki. Ta duba harshe, ta riƙe tsintsiyar hannu. Na lura ba ta ce a tsayar da farasitamol ba, sai ma ta tambayi lokacin na gaba.

Allurai takwas ta soka, huɗu a kowane ɓangare. Kaurinsu milimita 0.25, ɗan sama da gashin wutsiyar doki, har lanƙwasa suke. Daga cikin gurabe 361 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurarensu a 2008, ta zaɓi huɗu da kusan kowane mai wannan sana'a ke zaɓa wa ciki. Neiguan yana cikin hannu, faɗin yatsu uku sama da tsintsiya, tsakanin jijiyoyi biyun da ke tasowa in an dunƙule hannu. Shi ne na tashin zuciya. Hegu yana naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Zusanli yana faɗin yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, a gefen ƙashin ƙwauri ta waje. Sanyinjiao kuma yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki. Tafinta ya ce Hegu da Sanyinjiao ba a yi wa mai juna biyu su. Yaya ta ce, da muryar da ta rage mata, wannan kam an huta.

Kowace allura in ta shiga sai likitar ta murza ta da yatsu biyu tana kallon fuskar Yaya, har sai ta yamutsa. Na tambaye ta zafi ne? Ta ce a'a, nauyi ne, kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙafa, yana tsiyaya zuwa yatsu. Abin da ake nema ke nan, su suna kiransa da suna na musamman, kuma in bai zo ba sai su gyara zaman allurar. Daga nan ta maƙala wayoyi a alluran ƙafa, ta haɗa da wani ɗan akwati mai batir. Yana bugawa a hankali, sau 2 a sakan, har ana ganin naman ƙwauri yana tsalle, sai ya juya zuwa sau 100 a sakan, wanda Yaya ta ce kamar tururuwa na yawo. Minti 30.

Wannan juyawa tsakanin 2 da 100 daga binciken Han Jisheng na Jami'ar Beijin ta samo asali. Ya nuna cewa bugu a hankali yana sa laka da ƙwaƙwalwa su saki wasu sinadarai masu aiki irin na mofin, bugu da sauri kuma ya sa a saki wani daban, don haka ake haɗawa a ci ribar biyun. Tun a 1976 Bruce Pomeranz a Toronto ya gwada a kan ɓeraye cewa in aka ba da maganin da ke toshe aikin mofin, tasirin allurar ma sai ya ɓace.

Kafin a fara ta ɗaga yatsu bakwai. A minti na ashirin na ga kafaɗunta sun sauka, numfashi ya fara kaiwa ciki. Da aka zare alluran ta ɗaga huɗu. Wuri ɗaya ne ya ɗiga jini, a Hegu na hagu, aka danne da auduga. Kafin ta tafi likitar ta manna mata wasu 'ya'yan itace ƙanana kamar ƙwayar gero a cikin kunne da filasta, ta nuna mata ta riƙa matsawa in zuciya ta tashi.

Nas ɗin da ke aiki ba ta ɓata wannan dama ba. 11:45 muka ɗaga ta zaune, 12 ta tsaya da ƙafafunta, ta yi taku shida zuwa taga ta dawo. Aka cire robar fitsari. Ta kurɓi ruwa, ya zauna. Wajen ƙarfe 3 ciwon ya koma shida, da magariba ta yi amai sau ɗaya. Shi ne na ƙarshe.

Juma'a da Asabar: rana ta 3 da ta 4

Aka maimaita da safiyar Juma'a, gurabe iri ɗaya, minti 30. Daga biyar zuwa uku, kuma sauƙin ya kai kusan la'asar. Tunda ciki ya fara riƙe abu, aka mayar da farasitamol na haɗiya, giram 1 duk awa shida, na sa agogon waya don kada mu jira sai ciwo ya taso. Ta taka har ƙarshen baranda sau uku. Ƙarfe 1:15 na rana iska ta fita. Ban taɓa ganin an yi wa tusa barka irin ta ranar ba, har matar gadon kusa sai da ta ce alhamdulillahi. Cikin ya sassauta, ta sha kunu rabin kofi. Da dare ta yarda ta haɗiyi tiramadol miligiram 50, rabin na farko, bayan ta ci abu. Ya zauna, ta kwana.

Asabar da safe aka yi allura ta uku. Ta yi bayan gida, ta ɗaura ɗankwali, ta fara tambayar wa ke karɓar kuɗin bashin atamfa. Malam ya gama sallamawa, duk wanda ya shigo dubiya sai ya ba shi labarin allurar da ba magani a ciki. Da magariba na auna zafin jiki, 37.9. Na rubuta, ban ce komai ba.

Lahadi da Litinin: rana ta 5 da ta 6

Lahadi ciwon ya dawo, amma da wata kama. Ba zafin yanka ba ne mai jiran motsi. Zogi ne, yana bugawa tare da zuciya, a kusurwar hagu ta ɗinkin, tana kwance ko tana zaune. Yatsu shida da safe, bakwai da dare. Zafin jiki 38.6 kafin lokacin farasitamol, in ta sha ya sauka 37.5, sai hankali ya kwanta.

Nan laifina yake. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne, na nemi a yi gwaji, ya fito babu. Bandejin a bushe yake ta waje, sai na bar shi, ban matsa a buɗe ba. Abin da ke raina da ran Yaya duka shi ne yau Lahadi ba allura, shi ya sa, gobe in likitar ta zo za a warware. Ta yini tana matsa 'ya'yan itacen kunne har kunnen ya yi ja. Ni da na sha gaya wa ɗalibai cewa zazzaɓi a rana ta biyar bayan tiyata, a fara duba ɗinki.

Litinin 10:30 likitar ta iso da akwatinta. Ta ce "zafi?" Yaya ta nuna wurin da yatsa ɗaya. Likitar ta taɓa goshinta, ta karɓi littafina ta bi lambobin zafin jiki da ido, ta rufe akwatin ba ta ciro allura ko ɗaya ba. Ta ce wa tafinta a kira likitan da ya yi aikin.

Da aka ɗaye bandejin, kusurwar hagu ta yi ja, ta kumbura kamar rabin ƙwai, da zafi. Aka cire zare biyu, aka ɗan buɗa, mugunya da tsohon jini suka fito, kimanin mililita 30. Aka ɗebi kaɗan don gwaji, aka wanke, aka cusa auduga, aka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Cutar ba ta ratsa ƙasa ba, a kitsen ƙarƙashin fata ta tsaya. Kafin azahar, ba allurar Sin, ba tiramadol, ta ɗaga yatsu uku. Washegari zafin jiki 37.1.

Sallama da abin da ya biyo baya

An yi mata allura sau biyu bayan nan, Laraba da Alhamis, kowace awa guda kafin wankin ciwo, domin cusa auduga a buɗaɗɗen rauni ba wasa ba ne. Ta ce ta fi jurewa, ko da yake wankin Talata da aka yi ba allura shi ne na farko, rauni yana ɗanye, don haka ba a gwama su. An sallame ta Juma'a, rana ta 10, maimakon ta 4 ko ta 5 da aka saba. Jimillar allura: zama biyar. Illa: ɗigon jini ɗaya da ɗan tabo shuɗi a hannu da ya ɓace cikin mako.

Kusurwar ta cike daga ƙasa cikin mako uku, ana wankewa a ƙaramin asibitin unguwa. A mako na shida awon jini 11.2, ba ta shan komai sai ƙwayar ƙarin jini. Wani wuri sama da tabon, faɗin tafin hannu, ya mutu ba ta jin taɓi, abin da aka saba gani in wuƙa ta ratsa ƙananan jijiyoyin fata.

Abin da na fahimta

Abin da na fi amincewa da shi shi ne tasirin allurar a kan amai. Sau goma sha ɗaya cikin kwana biyu, sai ɗaya bayan zama na farko, sai babu. A nan ne kuma hujjar bincike ta fi kauri. Wani taron masana da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta kira a 1997 ya amince da allurar a kan tashin zuciya bayan tiyata, kuma bitar da Cochrane, ƙungiyar masu tace binciken lafiya, ta yi a 2015, wadda ta tattara gwaji 59 a kan mutum 7,667, ta samu cewa motsa Neiguan yana rage amai daidai da magungunan hana amai, ko da yake ta ce ingancin gwaje-gwajen da yawa bai kai yadda ake so ba. Amma dole in faɗi ɗaya gefen: mofin na ƙarshe ya shiga daren Laraba, tiramadol da nefofam an riga an tsayar. Abin da ke tayar da zuciyar yana barin jikinta a daidai lokacin da allura ta shigo. Wataƙila da aman ya tsaya da kansa zuwa yammacin Alhamis.

A kan ciwon kansa, na ga saukar yatsu uku cikin rabin awa, kuma ciwon tiyata ba ya sauka haka don kansa a tsakiyar hantsi. Na kuma ga ya dawo bayan awa huɗu. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani. A wani gwaji a Taiwan da aka buga a 2002, an raba mata 100 da za a yi wa aikin ƙasan ciki kashi huɗu. Waɗanda aka yi wa allura a Zusanli da lantarki mai sauri sun rage buƙatar mofin da kashi 61 cikin 100 a rana ta farko, masu lantarki a hankali da kashi 43. Sai dai waɗanda aka soka wa allura kawai ba a kunna komai ba, su ma sun rage da kashi 21. Wato wani kaso na sauƙin daga allura da lantarki yake, wani kuma daga zuwan likita ne ta zauna rabin awa a gefenki tana kallon fuskarki, a ɗakin da nas ɗaya ke riƙe da gadaje da yawa. Daga majinyaciya ɗaya ba zan iya raba biyun ba. Kuma kowa ya san ciwon tiyata ya fi tsanani a kwana biyun farko, daga nan ya fara sauka.

Abin da allurar ta saya mana, a ganina, awa uku zuwa huɗu ne a safiyar Alhamis, kuma darajarsu ta zo ne daga abin da aka yi a cikinsu. Da an bar ta kwance tana jin daɗin sauƙin, da ƙarfe 3 mun koma gidan jiya. Tashi aka yi, aka taka, aka cire roba, aka sha ruwa, farasitamol ya koma na baki a kan lokaci. Ciwo yana hana motsi, rashin motsi yana kumbura ciki, kumburi yana ƙara ciwo da amai, amai yana hana shan magani. A wuri ɗaya aka tsinke wannan igiya, sauran ta warware. Ko ɗan jaridar Amurka James Reston, wanda labarinsa a New York Times ya sa Turawa suka waiwayi allurar a 1971, da maganin asibiti aka kashe masa jiki aka cire masa 'yar wutsiyar hanjin nan da ake kira afendis a Beijin. Allurar daga baya ta zo, don kumburin ciki da murɗa, irin na Yaya ranar Laraba.

Abin da bai yi aiki ba a fili yake. Tiramadol miligiram 100 ta jijiya a cikin da ba komai, ga mace mai alamomin amai huɗu, ba tare da an riga an ba ta maganin hana amai ba, ya jawo mana asarar kwana biyu. Rabinsa ta baki bayan kunu ya zauna lafiya. Da an san da zaman likitar Sin tun ranar Litinin da aka yi lissafin alamomin amai, da ita ma an nemi ta fara kafin a shiga ɗakin tiyata, kamar yadda aka yi wa matan Taiwan.

Ciwon Lahadi kuwa ba na allura ba ne, kuma yardar da muka yi da ita ce ta sa muka yi masa gurguwar fassara na awa ashirin da huɗu. Ciwon da ya canja kama, ya tsaya wuri guda, ya zo da zazzaɓi, saƙo ne, ba a kashe shi sai an karanta. Da likitar ta biye mana ta soka alluranta ranar Litinin, wataƙila Yaya ta sami sauƙin awa ɗaya ko biyu, mugunya kuma ta ƙara kwana.

Har yau in za ta yi doguwar tafiya a mota takan danna cikin hannunta, yatsu uku sama da tsintsiya, tun daga tasha. Ta ce yana taimaka mata. Ledar ma tana nan cikin jaka.